Gashin zomona ya dunƙule kamar audugar tsohon matashi: in wanke shi ko in yanke?

Maman_Sadiya
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kiwon zomaye. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta hana ni sukuni tun shekaranjiya. Wata huɗu da suka wuce ƙanen maigidana ya kawo wa 'yata wani farin zomo mai dogon gashi, irin wanda ake kira Angora, kuma tun zuwansa ni ce nake taje shi sau biyu a mako. Sai tafiya ta kama ni zuwa gida, na yi mako uku a can, na bar shi a hannun yara, su kuwa ba shi abinci da ruwa kawai suka sani. Da na dawo na tarar gashin bayan kunnuwansa da na hammatarsa da na gindin bindinsa duk ya dunƙule ya yi tauri, har yatsa ba ya shiga. Idan ka hango shi daga nesa lafiya lau yake, sai ka shafa za ka ji curi-curi a ƙasa. Na gwada mataji, ya yi ta zillo yana harbi da ƙafafun baya, na ji tsoro na bari. Maƙwabciyata ta ce in jiƙa shi da ruwan ɗumi da man wanke kai don gashin ya yi laushi, maigidana kuma ya ce in sa almakashi in huta. A Kaduna muke, ga shi zafi ya fara shigowa. Wanne ya kamata in bi?

Mai_Zomaye_Zariya
Wa alaikumus salam. Hajiya, don Allah kada ruwa ya taɓa wannan gashin. Abin da ke jikin Angora ulu ne, kuma ulu idan ya haɗu da ruwan ɗumi da sabulu da murza, saƙewa yake yi ya zama abu guda, domin da irin wannan dabarar ake haɗa ulun da ake yin hular dara da shi. Ƙullin da yau za a iya warware rabinsa da yatsa, idan kika jiƙa shi ya bushe, sai dai aska. Ban da haka, wanka yana firgita zomo matuƙa, kuma ruwan da ya shige ƙarƙashin wannan gashi yana daɗewa bai bushe ba, sai fatar ta jiƙe ta fara lalacewa ba tare da kin gani ba.

Baban_Haidar
Ni ina bayan maigidanki. Na taɓa riƙe irinsa, da ya cukurkuɗe na ɗauki almakashin ɗinki na datse duk ƙullin a zama ɗaya, kuma babu abin da ya same shi. Gashi ne, zai sake fitowa.

Likitar_Dabbobi
Baban Haidar, Allah ne ya kiyaye maka, amma ba zan so wani ya karanta maganarka ya kwaikwaya ba. Fatar zomo siririya ce ƙwarai, ba ta kai kaurin ta kare ko ta akuya ba, kuma tana da saki. Idan mutum ya kama ƙulli ya ɗaga don ya yanke, fatar tana biyo shi ta shige cikin ƙullin kamar an tsunkuli zane an ɗaga, ga shi launinta da na gashin sun saje, ido ba ya rarrabewa. Ƙaramin yanka da bai kai tsawon farce ba yana iya buɗewa ya yi faɗi da zarar zomon ya motsa, har sai an yi masa ɗinki. Wuraren da aka fi yanka su ne hammata, matsematsi, gindin bindi, da kan nono idan mace ce.

Hajiya Maman Sadiya, ki raba ƙullin nan gida biyu. Akwai wanda ke da ɗan fili tsakaninsa da fata: wannan ki zura mataji a kwance tsakanin fatar da ƙullin ya zama garkuwa, sannan ki yanke abin da ke saman matajin, da almakashi mai dakusasshen baki. Akwai kuma wanda ya manne da fata har mataji ba ya samun hanya: wannan aikin injin aski ne, mai baki lamba 10 irin na dabbobi, a shimfiɗe shi a kan fata a riƙa turawa a hankali ta ƙarƙashin ƙullin, ɗaya hannun yana miƙar da fatar. Bakin injin yana yin zafi da wuri, saboda haka a riƙa ɗora shi a bayan hannu ana ji. Kada zama ɗaya ya wuce minti 10 zuwa 15. Abin da ya taru a mako uku babu dalilin a ce sai an gama shi a yini guda.

Inna_Mai_Kaɗi
'Yata, kafin ki kai ga yanka ki gwada hannu. Ni na tashi a gidan da ake shiɓar auduga ana kaɗi, kuma da jikana ya kawo mini irin waɗannan zomaye guda biyu, dabarar auduga na ɗauko na yi musu. Ki barbaɗa ɗan sitacin masara busasshe a kan ƙullin, ki murza shi a hankali ya shiga, gashin zai yi santsi. Sai ki danne tushen gashin da yatsu biyu na hagu don kada ja ya kai ga fata, ki riƙa yagar ƙullin gefe da gefe da yatsun dama, ƙanana-ƙanana, daga bakinsa kina gangarowa zuwa tushe. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su kafa mataji a tushe su fizgo, shi ya sa dabbar take harbi. Idan ƙullin babba ne, ki tsaga shi a tsaye da almakashi, bakin yana kallon waje nesa da jiki, ya rabu gida uku ko huɗu, kowane ki bi shi shi kaɗai. Hodar jiki ta mutane kada ki sa, domin zai lasa kuma zai shaƙa.

Maman_Sadiya
Na gode, Inna, na gode, Likita. Maganar ruwa na ajiye ta. Na bayan kunne ina jin mataji zai shiga ƙarƙashinsu, amma na hammata sun manne sosai.

Ɗalibi_a_Ankara
Ina so in tambayi Hajiya ko wane irin Angora ne, domin ba duka suke ɗaya ba wajen dunƙulewa. Sunan ya samo asali ne daga wannan birni da nake karatu a cikinsa, Ankara ta ƙasar Turkiyya, wanda Turawa suka daɗe suna kira Angora, kuma har akuya da kyanwa masu dogon gashi akwai masu wannan suna. A ƙarni na 18 zomon ya shiga Faransa, daga nan aka yi ta fitar da iri daban-daban. Na Ingila shi ne ƙarami, nauyinsa tsakanin kilo 2 da 3 da rabi, gashi ya rufe masa fuska da kunnuwa da ƙafafu, kuma ulunsa ya fi laushi, shi ya sa ya fi kowanne saurin cukurkuɗewa. Na Faransa fuskarsa a fili take, kuma yana da kaurarrun gashi da ke ratsa ulun suna hana shi haɗewa, don haka ya fi sauƙin kula. Akwai na Jamus, wanda ake kiwo don ulu ana aske shi kusan duk kwana 90. Gashin Angora yana ƙaruwa da kusan santimita 3 a wata, saboda haka mako ukun da kika yi ba ƙaramin lokaci ba ne a wurinsa.

Maman_Sadiya
To, namu na Ingila ne ke nan, domin idanunsa ma da ƙyar ake gani, kuma akwai tuntu a kan kowane kunne.

Bakano_82
Ku yi mini haƙuri, amma ni ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Tambayar da ta kamata a yi ita ce: me ya kawo wannan dabba ƙasarmu? Zomo ba ya gumi kamar mutum, ta kunnuwa yake fitar da mafi yawan zafin jikinsa, kuma da zarar yanayi ya haura digiri 30 a ma'aunin Selshiyos ya fara shiga wahala. A nan Kano, watan Afrilu muna haura 40. Zomayenmu na gida masu gajeren gashi ma suna mutuwa a bazara idan keji na kwano ne, balle wanda ke sanye da bargo, kunnuwan nasa ma an lulluɓe su da gashi. Mutane suna ganin hotonsa a Facebook yana da kyau kamar curin auduga, su saya wa yara, ba su san ɗawainiyar da ke tattare da shi ba.

Uwar_Gida_Rayfield
Malam Bakano, maganarka a kan zafi gaskiya ce, amma zomon ya riga ya zo, yana hannun Hajiya, kuma shawara take nema a kan yadda za ta kula da shi. Ni a Jos nake, ina da guda uku shekara biyu ke nan, kuma duk da sanyin garinmu ba na barin gashinsu ya yi tsawo daga Fabrairu zuwa faɗuwar ruwa. Ina aske su ne gaba ɗaya, in bar abin da bai wuce santimita 1 ba. Suna komawa kamar wasu dabbobi daban, yara har dariya suke yi musu, amma za ka ga sun sake suna tsalle suna cin abinci sosai. Shawarata ga Hajiya ita ce, tunda zafi ya shigo, ta daina tunanin ceton gashin, ta rage shi duka, in ya so idan ya fara fitowa sai ta ɗora sabon tsari na tajewa.

Bakano_82
Wannan ai hujjata ce kika ƙarfafa, Hajiya. Dabbar da sai an aske ta rabin shekara kafin ta rayu, me ya rage na kyan da aka saye ta dominsa?

Abu_Nusaiba
Bari in ba da labarin abin da ya faru da ni, ko wani zai ɗauki darasi. A daminar bara ina da zomanya mai dogon gashi, ƙulli ya fito mata a ƙarƙashin bindi, na ce sai ƙarshen mako zan duba. Fitsari da kashi mai laushi suka riƙa maƙalewa a wurin. Ranar Alhamis da yamma na ga ta lafe a kusurwar keji ta ƙi cin abinci, na ɗaga ta sai wari ya buge ni, da na buɗa gashin na ga tsutsotsi suna motsi a cikin naman. Ƙuda ne ya yi ƙwai a jiƙaƙƙen gashin, kuma ashe ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin yini guda. Na kai ta wurin likita a daren, aka aske wurin aka tsince su ɗaya bayan ɗaya, amma ba ta kwana biyu ba ta mutu. Daga waje babu abin da ake gani, gashin ya rufe komai. Don haka Maman Sadiya, ki fara da na gindin bindi kafin na kunne, kuma ki shinshina wurin.

Mai_Zomaye_Zariya
Allah ya mayar maka da alheri, Abu Nusaiba. Ina so in ƙara da cewa shimfiɗar keji tana da hannu a wannan matsala. Garin katako da ake zuba wa kaji bai dace da mai dogon gashi ba, domin yana shiga ulun ya zama tushen ƙulli. Haka ciyawar da ake yankowa a bakin hanya: a duba ta sosai saboda ƙarangiya, ƙwaya ɗaya idan ta kama gashin Angora, a kwana biyu za ta tara curi kamar goro. Ni a cikin ɗan kwandon waya nake sa musu ciyawa, a rataye a jikin keji, su riƙa zara suna ci ba tare da sun kwanta a kanta ba.

Hajja_Maiduguri
Babu wanda ya yi maganar gashin da yake haɗiya. Zomo yana lasar jikinsa kamar kyanwa, amma kyanwa tana amayar da gashin, shi kuwa zomo ba ya iya yin amai ko kaɗan. Ni duk mako ina ba nawa ruwan abarba cokali biyu da ɗan gwanda, an ce mini suna narkar da gashin a ciki, kuma ban taɓa samun matsala ba.

Likitar_Dabbobi
Hajja, rabin maganarki daidai ne, zomo ba ya amai. Amma abarba da gwanda ba sa narkar da gashi. Sinadaran da ke cikinsu suna aiki a kan wasu nau'o'in abinci, gashi kuwa ya fi ƙarfinsu, kuma zaƙin da ke ciki idan ya yi yawa yana rikita hanjin zomo ya jawo kashi mai laushi, wanda shi ne ke mannewa a gindin bindi kamar yadda Abu Nusaiba ya bayyana. Samun gashi a cikin zomo abu ne na kullum. Matsalar tana farawa ne lokacin da hanji ya rage motsi, saboda ƙarancin ciyawa ko ƙarancin ruwa ko zafi ko wani ciwo, sai abin da ke ciki ya bushe ya cure da gashin. Abin da ke tura shi ya fita shi ne busasshiyar ciyawa mai yawa, a gabansa dare da rana, da ruwa mai tsabta. Dusa da abincin kanti su zama ƙari kawai. Ki riƙa duba kashinsa kowace safiya: idan kika ga ƙwayoyin a sarƙe da gashi kamar duwatsun ado da aka zura a zare, yana haɗiyar gashi da yawa, a ƙara tajewa da ciyawa. Idan suka ƙanƙance ko suka daina fitowa, ko ya yi awa 12 bai ci komai ba, a kai shi asibitin dabbobi a ranar, kada a jira gobe.

Hajja_Maiduguri
To Likita, na ji. Amma gwandar zan ci gaba da ba su kaɗan, domin suna sonta, kuma da ita nake lallashinsu su tsaya a taje su.

Likitar_Dabbobi
Yanki ɗaya kamar kan babban yatsa babu laifi, Hajja, muddin ba a ɗauke shi a matsayin magani ba.

Baban_Haidar
Na karɓi gyara a kan almakashi. Amma injin aski na dabbobi da Likita ta ambata ba kowa ke da shi ba, kuma yana da tsada. Me zai hana a kira mai askin unguwa ya zo da kilifarsa?

Uwar_Gida_Rayfield
Na gwada wannan a farkon kiwona. Kilifar mutane tana cin gashin kai ne mai kauri, ulun Angora kuwa siriri ne ƙwarai, sai ya cushe tsakanin haƙoran ta riƙa tauna tana ja maimakon yanka, ga ƙara da ke firgita zomon. Mun yi kusan rabin awa ba mu gama gefe ɗaya ba. Idan babu yadda za a yi, a samu sabon baki mai kaifi, a sa masa mai, a riƙa goge shi da burushi bayan kowane turi biyu ko uku. Kuma mai askin ya sani cewa fatar nan tana naɗewa, dole wani ya miƙar masa da ita. Na hammatar da suka manne, ni dai da a wurin likitan dabbobi za a yi su, musamman tunda karon farko ne.

Ɗan_Agadas
Game da harbin da yake yi, ku kwantar da shi rigingine a kan cinya. Zai yi tsit kamar ya yi barci, sai ku yi aikinku ku gama.

Mai_Zomaye_Zariya
Wannan tsit ɗin tsoro ne, ɗan'uwa, irin sandarewar da yake yi idan abin farauta ya kama shi, zuciyarsa na bugawa da sauri ko da jikinsa bai motsa ba. Kuma yana iya zabura ba zato, ƙafafun bayansa suna da ƙarfi, ƙashin bayansa kuma ba shi da ƙwari, harbi ɗaya a iska yana iya karya shi ya shanye. Ni a ƙasa nake zama, in shimfiɗa tawul a cinyata, in ajiye shi a kan ƙafafunsa, kansa ya shige ƙarƙashin gwiwar hannuna. Idan zan duba cikinsa sai in jingina bayansa da ƙirjina, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirjinsa, ɗaya yana tallafe da ƙugunsa, wani ya yi tajewar. Ɗaukarsa ta kunne kuwa, kamar yadda ake yi a kasuwa, a daina shi gaba ɗaya.

Maman_Sadiya
Ga yadda ake ciki bayan kwana uku. Na bi shawarar Abu Nusaiba na fara da gindin bindi, alhamdu lillahi babu tsutsa, sai dai busasshen kashi da ya manne, na sa mataji a ƙasa na yanke abin da ke sama. Na bayan kunnuwa na bi su da sitaci da yatsa kamar yadda Inna ta koya mini, kullum bayan la'asar minti goma, 'yata tana ba shi ganyen karas yana ci. Biyu sun warware, ɗaya na yanke. Na hammata mun kai shi asibitin dabbobi an aske, kuma da ƙullin ya fita ya fito a haɗe kamar tafin takalmi, fatar da ke ƙasa ta yi ja. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, tun ranar ya fara miƙe ƙafafun gaba yana tafiya sosai, ashe ƙullin ne ya ɗaure shi. Tambayoyi biyu suka rage mini. Na ga wani farin abu kamar amosani a tsakanin kafaɗunsa, ko in fesa masa maganin ƙuma da muke yi wa kare? Sannan gashin tafin ƙafarsa ma ya ɗan cure, in aske shi?

Likitar_Dabbobi
Kada ki kusantar da maganin kare gare shi. Da yawa daga cikinsu, irin su Frontline, suna ɗauke da sinadarin fipronil, wanda yake jawo wa zomo farfaɗiya har ya kashe shi. Farin abin da kika gani a kafaɗa zai iya zama wasu ƙananan ƙwari ne da ke zama a kan fata, waɗanda ido ba ya cika gani, kuma su kansu suna sa gashi ya riƙa curewa a wuri ɗaya ko da ana tajewa. Ki koma da shi a duba a madubin likita, idan su ne akwai magunguna irin su ivermectin ko selamectin, amma likita ne zai auna gwargwadon nauyinsa. Gashin tafin ƙafa kuma ki bar shi, domin zomo ba shi da tsokar tafi irin ta kare da kyanwa, wannan gashin ne takalminsa, idan aka aske sai dunduniyar ta yi gyambo. Ki warware curin da yatsa, ki rage abin da ya zarce gefe kawai.

Inna_Mai_Kaɗi
Madalla, 'yata. Gashin da kika taje mai tsabta kada ki zubar, ki tara shi a kwali, idan ya yi yawa a haɗa shi da auduga a kaɗa a mazari, yana yin zare mai laushi da ɗumi. Ni ban goyi bayan a aske shi duka ba kamar yadda 'yar Jos ta ce, a rage ciki da ƙirji da gindi, a bar na baya, a ajiye shi a ɗaki mai iska da kwalbar ruwan sanyi kusa da shi.

Uwar_Gida_Rayfield
Inna, a Kaduna cikin Afrilu, kuma wutar da za a sanyaya kwalbar ba kullum ake samunta ba? Ni dai ina nan a kan bakana, a aske duka yanzu, gashin da za a tara a jira na bayan damina. Maman Sadiya, a wane ɗaki kike ajiye shi da rana, kuma rufin kwano ne ko akwai silin?